TAFIYA MABUƊIN ILIMI: DARASI DAGA KAGARAN BAKIN TEKUN GANA

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ne makarantu sukan shirya wa ɗalibansu tafiya a lokacin dogon hutu, domin abin da aka karanta a aji a gan shi ido da ido. Ɗaya daga cikin wuraren da ƙungiyoyin ɗalibai sukan ziyarta shi ne bakin tekun ƙasar Gana. A can akwai manyan gine-ginen da Turawa suka bari, akwai kurmi mai duhu inda ake tattaki, akwai kuma kasuwanni da koguna masu tsohon tarihi.

Amma ya ku ɗalibai, tafiya tana iya ƙarewa a banza. Ɗalibi yana iya kashe kuɗin da iyayensa suka tara da guminsu, ya dawo da hotuna da tsarabar yadin kente, a tambaye shi wa ya gina abin da ya gani, ya kama sosa ƙeya. Wani kuma ya dawo da fushi kawai a kan Turawa, yana gani kamar labarin bai taɓa ƙasarsa ba. Dukansu biyu rabin abin suka gani. Nufin wannan darasi shi ne mu bi hanyar da irin wannan ƙungiya takan bi, muna yi wa kowane wuri tambayoyi uku. Wa ya gina shi, don me? Su wa suka sha wuya a cikinsa, ta wace hanya kuma suka iso? Ta ina labarin ya shafe mu?

Hanya

Daga Legas zuwa Akra, babban birnin Gana, tafiyar kusan kilomita 460 ce a mota, ana bin gaɓar teku. Za a ƙetare iyaka uku: ta Seme zuwa Jamhuriyar Benin, ta Hilakwanji zuwa Togo, da ta Aflawo zuwa Gana. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, gama dukan ƙasashen nan suna cikin ECOWAS, amma dole ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar rigakafin ciwon shawara. A Benin da Togo sefa ake kashewa, a Gana kuwa sidi. Da an shiga Togo sai a mai da agogo baya da awa ɗaya.

Darasi yana farawa tun a cikin mota. Badagiri da kuka wuce kafin Seme, da Wida da ke yamma da Kwatano, duka tsofaffin tashoshin jiragen bayi ne. Ɗalibi mai lura zai gane tun daga nan cewa abin da za a gani a Gana ya shafi dukan wannan gaɓa.

Mece ce kagara?

Kagara gini ne mai kauri da tsawo wanda aka yi domin tsaro, da wuraren girka igwa a kan bangonsa. Ta bambanta da ganuwar Kano ko ta Zazzau. Ganuwa takan kewaye gari duka domin ta kāre mutanensa. Kagarar bakin teku kuwa gidan baƙi ce: a cikinta akwai ɗakin gwamna, barikin soja, rumbunan kaya, rijiyar tara ruwan sama, da ɗakin sujada. Ku duba inda bakin igwa yake fuskanta. Yawancinsu teku suke kallo, domin babban abin tsoron Bature ɗan kasuwa shi ne wani Bature ɗan kasuwa da zai zo ta ruwa ya ƙwace masa ciniki.

Turawan Fotugal, da Holan, da Ingila, da Denmak, da Suwidin, da Jamus, duk sun yi gini a wannan gaɓa da aka sani a dā da suna Gwalkwas, watau Gaɓar Zinariya. Gine-ginen sun jeru a tsawon kusan kilomita 500, daga Keta a gabas zuwa Beyin a yamma. Uku daga cikinsu su ne manya: ta Osu a Akra, ta Kep Kos, da ta Elmina. A shekarar 1979 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin kayan tarihi na duniya. Ta Osu, wadda ake kira Christiansborg, mutanen Denmak ne suka gina ta, suka sayar wa Ingila a 1850, ta kuma zama fadar gwamnatin Gana har zuwa 2013.

Elmina

Daga Akra zuwa Kep Kos kusan kilomita 150 ne, Elmina kuma tana gaba kaɗan, kamar kilomita 12 ta yamma. Ya fi kyau a fara da Elmina, gama ita ce babba a shekaru.

Jiragen Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya mai yawa a hannun mutanen ƙasar. A 1482 Sarki João na Biyu ya aiko da wani hafsa mai suna Diogo de Azambuja, da magina, da sojoji, da sassaƙaƙƙun duwatsu, aka gina kagarar bayan an daidaita da sarkin garin. Ita ce gini mafi tsufa da Turawa suka yi a Afirka kudu da Sahara wanda yake tsaye har yau. Amsar tambaya ta fari ke nan: an gina ta ne domin zinariya. Ɗakunan ƙasa da za ku shiga, rumbunan kaya ne tun asali.

Akwai wani abu da ɗalibai da yawa ba su sani ba. A farkon zamanin nan, mutanen Fotugal sukan sayo bayi daga yankin Bini, a cikin Nijeriya ta yau, su kawo su Elmina su sayar wa fataken Akan, su karɓi zinariya. Watau an fara shigo da bayi Gwalkwas kafin a fara fitar da su. Da gonakin rake suka bunƙasa a Barazil da tsibiran Karebiyan, sai bukatar leburori ta ƙaru ƙwarai, mutum ya zo ya fi zinariya riba, rumbunan kaya suka koma kurkuku.

A 1637 sojojin Holan suka hau tudun da ke fuskantar kagarar, suka yi ta harba igwa daga sama har mutanen Fotugal suka ba da kai. Domin kada wani ya yi musu abin da suka yi, sai suka gina wata ƙaramar kagara a kan tudun. Ku daure ku hau wannan tudu da ƙafa. Daga can za ku ga kagarar duka kamar a tafin hannu, da kwale-kwalen masunta a bakin ruwa, za ku kuma fahimci darasin yaƙin ba tare da malami ya buɗe baki ba. Mutanen Holan sun riƙe Elmina shekara 235, sa'an nan suka miƙa wa Ingila a 1872. A nan ne Ingilishi suka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can kuma zuwa tsibirin Seshel. Bai koma Kumasi ba sai a 1924.

A cikin kagarar, ɗan jagora zai nuna muku farfajiyar mata. A samanta akwai barandar gwamna, inda yakan tsaya ya zaɓi wadda yake so, da matakalar da ake bi da ita zuwa ɗakinsa. Zai kuma nuna muku wata 'yar ƙofa wadda mutum ɗaya ne kawai yake iya ratsawa. Ta nan ake fitar da mutane zuwa kwale-kwalen da za su kai su jirgi.

Kep Kos

Mutanen Suwidin ne suka fara kafa gini a nan a 1653, da katako. Bayan ya bi ta hannuwa dabam dabam, Ingilishi suka ƙwace shi a 1664, ya zama hedkwatar kamfaninsu mai suna Royal African Company, daga baya kuma mazaunin mulkinsu, har aka mai da babban birni Akra a 1877.

Kurkukun maza yana ƙarƙashin ƙasa. Ana gangarawa ta wata hanya mai santsi zuwa ɗakuna masu duhu, da 'yan tagogi can sama kusa da rufi. 'Yan jagora sukan ce akan cusa maza har dubu a ciki a lokaci guda. Mutane sukan yi makonni, wani lokaci watanni, suna jiran jirgi. A nan suke ci, a nan suke kwana, a nan suke zagayawa. Masu binciken da suka tona daɓen sun tarar ƙazantar shekaru ta daskare ta rufe tubalin asali. Akwai kuma wani ƙaramin ɗaki marar taga, inda ake kulle wanda ya yi gardama, a bar shi ba ci ba sha. Wannan ɗaki shaida ne cewa mutanen ba su miƙa wuya haka kawai ba, gama da ba a yi tawaye ba, da ba a gina shi ba.

Bayan kun fito, ku hau bene zuwa ɗakunan gwamna. Tagogi manya, iskar teku tana kaɗawa, daɓen katako. Ku ƙidaya matakan da ke tsakanin wannan ɗaki da wancan kurkuku. Ba su da yawa.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka a cikin shekaru sama da 350, kusan miliyan 10 da dubu 700 ne suka sauka da rai. Kimanin ɗaya bisa goma na waɗanda aka ɗora, daga Gwalkwas suka tashi. Wannan lissafi bai haɗa da waɗanda suka mutu a yaƙi, ko a hanya, ko a cikin kurkuku ba. Denmak ta hana cinikin daga 1803, Ingila a 1807, Holan a 1814.

Ɗakin sujada a bisa kurkuku

Akwai abin da bai kamata mu ɓoye wa junanmu ba. A Kep Kos, ɗakin sujada yana bisa kurkukun maza. A Elmina, ɗakin sujadar mutanen Holan yana bisa sashen mata, an kuma rubuta wata aya daga Zabura 132 a bangonsa. Ana waƙa a sama, ana nishi a ƙasa. Idan ɗan jagora ya faɗi wannan, ɗalibai Kirista sukan sunkuyar da kai, wasu su nemi hujjar kāre kansu. Babu hujja. Abin da ya fi amfani shi ne mu dubi mutum uku, dukansu 'yan wannan ƙasa, dukansu masu bi, mu ga yadda kowannensu ya yi da abin da ya sani.

Na fari shi ne Jacobus Capitein. An kama shi yana yaro, aka kai shi Holan, ya yi karatu har jami'ar Laidin. A 1742 ya rubuta takardar kammala karatunsa, inda ya kawo hujjoji cewa bauta ba ta saɓa wa 'yancin Kirista ba. Masu kamfani suka ji daɗi, aka aiko shi Elmina ya zama fasto. Ya mutu a can a 1747, yana da shekara kamar talatin.

Na biyu shi ne Philip Quaque, haifaffen Kep Kos a 1741. An kai shi Ingila karatu, aka naɗa shi a 1765, ya zama baƙar fata na fari da Ikilisiyar Ingila ta naɗa firist. Ya dawo a 1766, ya yi shekara hamsin yana hidima a cikin kagarar, yana koyar da yara karatu. Kamfanin da ke cinikin yana cikin masu biyansa albashi. Ya mutu a 1816, kabarinsa yana cikin farfajiyar, za ku gan shi.

Na uku shi ne Ottobah Cugoano, daga Ajumako. An sace shi a 1770 yana da shekara goma sha uku, aka bi da shi ta Kep Kos zuwa gonakin tsibirin Giranada. Ya sami 'yanci a Ingila, aka yi masa baftisma, ya koyi karatu. A 1787 ya buga littafi yana kira a daina cinikin, a kuma 'yantar da dukan bayi. Daga cikin Littafi Mai Tsarki ya ɗauko hujjojinsa. Bai kuma ɓoye ba cewa mutanen ƙasarsa ne suka fara kama shi.

Littafi ɗaya mutanen nan uku suka karanta. Ɗaya ya nema wa zalunci hujja, ɗaya ya yi aikinsa na koyarwa a tsakiyar zaluncin, ɗaya ya tashi ya yaƙe shi. Kada mu yi saurin yanke wa na fari da na biyu hukunci, gama kowannensu yana ƙarƙashin ikon waɗanda suka ciyar da shi. Amma ilimi shi kaɗai bai hana mutum bin inda tuwonsa yake ba, wannan kuwa gargaɗi ne ga kowane ɗan makaranta. Ku kuma sani cewa daga Kep Kos ɗin nan ne Thomas Birch Freeman ya tashi ya sauka Badagiri a 1842, abin da ya buɗe sabon aikin mishan a Nijeriya. Tarihin makarantu irin tamu ya ratsa ta wannan gari.

Tattaki a kurmin Kakum

Bayan nauyin kagara, ƙungiya takan nufi gandun dajin Kakum, kamar kilomita 30 arewa da Kep Kos. Faɗinsa murabba'in kilomita 375 ne. An keɓe shi tun 1931, aka mai da shi gandun ƙasa a 1992. Akwai giwayen kurmi, da birai, da tsuntsaye iri sama da 250, da malam-buɗe-littafi iri iri. Kada ku sa rai za ku ga giwa, gama dabbobin kurmi suna gudun hayaniya, ɗalibai kuwa ba a raba su da ita.

Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995. Gadoji bakwai ne aka ɗaura daga itace zuwa itace, tsawonsu duka kusan mita 350, a wasu wurare kuma tsakaninsu da ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Faɗin katakon da ake takawa bai wuce na mutum ɗaya ba, da raga a dama da hagu. Kafin a kai gadar sai an hau tudu da ƙafa cikin zafi da laima. A nan ake gane wanda ya sa takalmin kirki da wanda ya sa na gayu.

Kakum wurin nishaɗi ne, amma ɗakin karatu ne kuma. Ku dubi kurmin da kyau, gama shi zai amsa muku wata tambaya: me ya sa Turawa suka tsaya a bakin teku shekaru ɗaruruwa ba su shiga ciki ba? Zazzaɓin cizon sauro yana kashe su. Ƙudan tsando yana kashe doki da jaki, saboda haka duk kaya a kā ake ɗauka, dalilin da ya sa fataken zinariya suke sayen bayi ke nan. Ga kuma masarautu masu ƙarfi da suka tsare hanyoyi. Turawan kagara kuɗin haya suke biyan sarakunan ƙasar. To, idan Bature bai shiga kurmi ba, wa ya kawo masa mutanen da suka cika kurkukun? Wannan tambaya ita za ta kai mu zango na gaba.

Sa'ad da numfashinku ya fara sama sama a kan tudun Kakum, bayan tafiyar minti ashirin kacal, da ruwa a gora da takalmi a ƙafa, ku tuna da waɗanda suka ratsa irin wannan kurmi na ɗaruruwan kilomita, a ɗaure, ba takalmi.

Assin Manso da Salaga

A kan hanyar Kumasi, kamar kilomita 40 daga Kep Kos, akwai garin Assin Manso. A nan akwai rafin da ake kira Donkor Nsuo, watau ruwan bayi, inda ake yi wa waɗanda aka kamo wankan ƙarshe, a shafe su da mai, kafin a gangara da su bakin teku. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, Samuel Carson daga Amurka da wata mace mai suna Crystal daga Jamaika, aka shigo da su ta ƙofar kagarar Kep Kos da aka sani da Ƙofar Ba Dawowa, aka binne su a Assin Manso. Bayan haka aka rubuta Ƙofar Dawowa a bayan ƙofar.

Yawancin waɗanda aka sayar, a yaƙi aka kama su. Masarautun Denkyira, da Akwamu, da Asante sun yi ta gwabzawa. Wanda ya ci yaƙi yakan sayar da kamammu, ya karɓi bindiga, da albarushi, da yadi, da barasa, da sandunan ƙarfe. Da bindigar sai ya sake wani yaƙin. Wanda ya ƙi sayarwa, maƙwabcinsa yana iya fin shi bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bayan Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, akan biya ta haraji da mutane daga arewa.

Ƙungiyar da take da lokaci takan ƙarasa Salaga, a ƙasar Gwanja. Kowane Bahaushe ya san sunan Gwanja saboda goro. Ayarin fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, da jakuna, da tufafi, da fatu, da kanwa, su yi watanni a hanya, su koma da goro. Salaga ta cika ta batse a ƙarni na 19, malamai irin su Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, suka zauna a cikinta. Amma a wannan kasuwa ana sayar da mutane kamar yadda ake sayar da goro. Har yau akwai wani wuri a Salaga da ake kira da sunan Hausa, Wankan Bawa. Ɗalibin da ya ji wannan suna da harshen da yake magana da shi a gida, ba ya bukatar a gaya masa cewa labarin ya shafe shi.

Ta ina ya shafe mu?

Hausawa sun shiga wannan tarihi ta fuska biyu. Akwai waɗanda suka yi fatauci, akwai waɗanda aka yi fataucinsu. An kai Hausawa da yawa Bahiya a Barazil ta tashoshin Legas da Wida, suka shirya tawaye a 1807, wasu kuma suka shiga babban tawayen 1835. Rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira ta Hausawa, da yawa daga cikin mutanenta bayi ne da suka gudu. An kai su Gwalkwas yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Su da fataken goro suna cikin tushen unguwannin zango da za ku gani a Akra da Kumasi, inda za ku yi ciniki da Hausa kamar kuna gida.

Harshenmu kansa shaida ne. Muna da bawa, da baiwa, da kuyanga, da bacucane, da rinji. Da yawa daga cikinmu kuma mun ji daga bakin kakanni dalilin da ya sa tsohon ƙauyenmu yake kan dutse: gudun mahara ne. A wurare da dama maƙwabta ma sun kama juna sun sayar. Turawan mulki sun yi shelar hana cinikin bayi a Arewacin Nijeriya a 1901, amma sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungum. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Laifin Turawan da suka gina kurkuku, suka cika jirage, suka ci riba, yana nan daram, ba abin da zai rage shi. Amma ɗalibin tarihi na gaskiya yakan dubi tudun da yake tsaye a kai.

Abin kuwa bai ƙare ba. A 2003 Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP saboda fataucin mutane. A 2017 duniya ta ga hotunan baƙin haure ana gwanjonsu a Libiya. Akwai gidajen da aka ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin makaranta, ga shi shekara uku ba ta ga allo ba, 'ya'yan gida suna karatu a ɗaki, ita tana kwana a kicin. Akwai auren da aka fasa domin an ce kakan yaron bawa ne. Wanda ya zub da hawaye a Elmina, ya dawo gida bai ga waɗannan ba, bai gama karatun kagara ba tukuna.

Shawara ga masu tafiya

Ku karanta tarihin wurin kafin ku tashi, domin wanda ya san kaɗan shi yake iya tambaya. Kowa ya riƙe littafin rubutu da biro, ya rubuta abin da ya gani a daren ranar, kafin ya manta. A cikin kurkuku ku yi shiru, kada ku yi wasa ko dariya, gama wurin kamar maƙabarta ne, sau da yawa kuma za ku tarar da baƙi daga Amurka ko Jamaika waɗanda suka zo makokin kakanninsu. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum. Idan abin da ɗan jagora ya faɗa ya saɓa da littafinku, ku tambaya da ladabi, ku rubuta duka biyun, ku bincika daga baya. A Kakum ku je da sassafe, ku sa takalmi mai rufi, ku ɗauki ruwa, kada ku girgiza gada don tsoratar da wani. Tekun wannan gaɓa yana da ja ƙwarai, kada kowa ya shiga iyo ba da izinin malami ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Don me aka gina kagarar Elmina a 1482, me kuma ya sa amfaninta ya canja?

2. Bayyana bambancin da ke tsakanin ganuwa da kagara.

3. Kawo dalilai uku da suka hana Turawa shiga cikin ƙasa, ka nuna abin da wannan yake koya mana game da yadda bayi suka iso bakin teku.

4. Gwada rayuwar Capitein, da Quaque, da Cugoano. Da kai ne a matsayin Quaque, me za ka yi?

5. Tambayi wani dattijo a garinku abin da ya ji game da zamanin hari da bauta, ka rubuta shafi ɗaya.

6. Waɗanne abubuwa ne a unguwarku suka yi kama da ɗakin sama da ɗakin ƙasa na kagara? Me ɗalibi zai iya yi a kai?

Kammalawa

Ba kowa ne zai sami zarafin zuwa Gana ba, gama kuɗin mota da na masauki ba ƙanana ba ne. Amma tambayoyin nan uku ba su bukatar fasfo. Ana iya yin su a Badagiri, a gindin ganuwar Kano, ko a kufan da ke kan dutsen bayan garinku. Waɗanda suka sami tafiya kuwa, bashi ne a kansu su dawo su koya wa 'yan'uwansu abin da suka gani, ba ragi ba ƙari. Allah ya ba mu idon gani da zuciyar gyara. Amin.